Huhun Ƙarfe

Da asuba aka janyo ta garejinmu na Bukuru,
doguwa, mai ƙafa goma sha huɗu,
lemon Gboko maƙil a bayanta.
Sallau ya diro, ido jajur:
"Maigida, a Hawan Kibo ta yi min yaji.
Na taka, na ƙara takawa, ta ce ba ta ji ba.
Har mai keke ya wuce mu yana ɗaga min hannu."

Fitila ɗaya ce tak, ruwan ɗorawa,
ba ta fi ƙwayar wake ba a gaban sitiyari,
ita ta durƙusar da tan talatin.

Injin ƙalau. Giya ba ta da laifi.
Ciwon na can ƙasa, a tukunyar salansa,
inda maƙeranta suka dasa mata huhu
suka ce: tace hayaƙinki kafin ki hura wa mutane.
Su can man gas ɗinsu garai-garai,
titi miƙe, mota ta yi ta sheƙa gudu
har zafi ya ƙone tokar da kansa.
Mu nan fa? Gas ɗin jarka, an sirka da kananzir.
Rami, shinge, rami, shinge,
awa uku a Mararraban Jama'a
injin na gunaguni a tsaye.
Yaushe huhu zai sami sukunin tari?

Na ce a wanke, kwana biyu.
Na faɗi kuɗin sabuwa, Sallau ya cire hula ya mayar.
Ya kira mai mota, ya manna min waya a kunne.
Muryar ta ce:
"Lemo ba ya jiran bakanike.
Fasa ta. Kowa haka yake yi."

To, na fasa.
Ciki saƙar zuma ce, amma ba zuma,
baƙa ƙirin, ƙofofi dubu duk a toshe.
Cizal da guduma, na farfashe ta,
na kwashe, na rufe, na bi da walda
har ɗinkin ya yi kyau kamar ba a taɓa ba.
Davou ya zo da kwamfutarsa a jakar makaranta,
ya tsuguna, ya yi wa ƙwaƙwalwar mota ƙarya
cewa huhunta na nan daram.
Ta yarda.
Fitila ta mutu.

Kai, ka ji ruri!
Sallau ya rungume ni, ya cika min bokiti da lemo.
Da ta hau titi ta saki tusa guda,
baƙin gajimare ya sauka kan kaskon Ngo Chundung
mai suyar doya a bakin ƙofa.
Ta kare mai da faifai,
ba ta da hannu na uku na kare jikan da ke goye.
Ko kallona ba ta yi ba. Ta saba.

Na share tokar da ta zube.
Don son sani kawai na auna:
mudu biyu har da ɗoriya.
Abin da ƙarfe ya haɗiye ke nan a madadinmu
bai ce uffan ba sai da ya shaƙe.
Daga yau rabon gari ne,
daga Bukuru har Farin Gada kowa zai sami ɗan nasa.

Bayan shago akwai tarin irinta.
Goma sha bakwai na ƙirga bara, na daina ƙirga.
Kuɗinsu ne ya yi rufin ɗakina,
ba zan ce ban ci ba.

Da dare Asabe, 'yar autata,
wadda sanyin Jos ke sa ƙirjinta kukan kyanwa,
ta ce, Baba ɓare min.
Sau uku na wanke hannu da omo.
Na ɓare, na miƙa mata,
sai ga zanen yatsana, baƙi, a jikin farar ɓawon.
Ta kalla, ta goge da gefen zane,
ta sha, ta ce akwai zaƙi.